Sahu na uku ne ke ɗaukar kofi a hokin ƙanƙara

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ɗan fili a wannan jarida mai farin jini domin mu yi tsokaci kan gasar hokin ƙanƙara ta NHL da ake yi a Amurka da Kanada, inda masu sharhi kan zuba wa taurari ido su manta da benci.

Ƙungiya kan shiga wasa da mutum 20: 'yan gaba 12 a sahu huɗu na uku-uku, 'yan baya 6 bibbiyu, da masu tsaron raga 2. Wasan minti 60 ne a zango uku, amma gudu kan ƙanƙara na cin ƙarfi sosai, har ba a so ɗan wasa ya wuce kamar daƙiƙa 45 bai koma ya huta ba. Shi ya sa gwanin 'yan gaba ba ya wuce minti 20 zuwa 22. Sauran kusan minti 40 ɗin na hannun waɗansu ne.

Idan sahu na uku da na huɗu ba su da ƙwari, koci kan rage musu lokaci ya jibga wa manyan. Daga nan matsala ke farawa. A zango na biyu benci kan yi nisa da ragar da ake tsarewa, sai gajiyayyu su maƙale a gida sun kasa canji. In suka watsa faifan robar da ake wasan da shi can ƙarshen fili don su sha iska, doka ta hana a sauya su. Kuma mai masaukin baƙi ne ke da canjin ƙarshe, don haka kocinsa jira yake ya ga raunanan sahu ya sakar musu gwanayensa.

A zagayen neman Kofin Stanley, wato kofin zakarun gasar, abin ya fi tsanani: bayan wasa sama da 80 na kaka, sai an ci wasa 16 a zagaye huɗu, ga rauni, ga ƙarin lokaci marar iyaka. Connor McDavid, tauraron ƙungiyar Edmonton, ya karɓi kyautar gwarzon zagayen a 2024, duk da haka Edmonton ta faɗi a hannun Florida. A 2025 ma Edmonton ta sake faɗuwa a hannunta, lokacin da Florida ke da Brad Marchand, Anton Lundell da Eetu Luostarinen a sahu na uku.

Tara irin waɗannan ba wasa ba ne, domin tun 2005 aka ƙayyade abin da kowace ƙungiya za ta kashe kan albashi: dala miliyan 39 a farko, dala miliyan 88 a kakar 2024-25. Toronto ta daɗe tana zuba kusan rabin kasonta kan 'yan gaba huɗu, kuma a ganinmu wannan ne ya riƙa karya ta. Masu dabara kan raini matasa a AHL, ƙaramar gasar da ke ƙasa da NHL, su ci moriyarsu tun kwantiraginsu na farko na da araha, sannan su cike giɓi kafin a rufe kasuwar musayar 'yan wasa. A 2020 Tampa Bay ta sadaukar da damarta ta zagayen farko a zaɓen sababbin 'yan wasa ta sayo Blake Coleman da Barclay Goodrow, ta haɗa su da Yanni Gourde, ta ɗauki kofi biyu a jere.

Kada a manta da mai tsaron raga na biyu. A 2023 mai tsaron ragar Vegas Laurent Brossoit ya ji rauni a zagaye na biyu, Adin Hill ya maye gurbinsa, shi ya tsare wa Vegas raga har ta ɗauki kofin.

Wassalam,
Wasu masu bibiyar hokin ƙanƙara