Albishirinka, lissafin Alhaji ya daidaita

Mutumina,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ya iyali, ya zafin Yamai? Tun bikin Dogo ka yi ɓatan dabo, sai dai hoton barka da Juma'a da kake turo wa kowa da kowa. Wata tambaya ce ta zaunar da ni rubutu, amma sai ka fara ba ni goron albishir: lissafin Alhaji ya daidaita, har kwabo.

Ka tuna aikin da na karɓa wajen Alhaji, dillalin hatsin nan na kasuwar Dawanau? Yaransa ke shigar da ciniki ta waya, kowa da irin hannunsa. Wannan ya rubuta 45,000, wancan N45000, wani 45k. Wanda ya fara gina musu manhajar ya bar komai yana zubewa cikin rumbun bayanai yadda ya zo. Ka kuwa san halin SQLite, manhajar da ke riƙe da rumbun, ba ta da musu. Ka ce mata gurbin nan na lamba ne, ka miƙa mata rubutu, ta karɓa ta ajiye. Ranar tara jimilla sai ta karanta 45,000 ta tsaya a waƙafi, ta ɗauke shi 45. N45000 kuwa, tunda da harafi ya fara, sifili ne a wurinta. Ƙarshen wata kuɗi suka ƙi haɗuwa da littafin akawu, Alhaji ya fara yi wa yara kallon ɓarayi, har ɗaya ya rantse da abin da zai kashe shi.

Abin da na yi bai taka kara ya karya ba, sai dai ya ci tunani. Na sa mai gadi guda a bakin ƙofa, babu ƙimar da za ta shiga rumbu ba ta hannunsa ba. Na ƙirƙiri nau'in Kuɗi a Python, harshen da nake rubuta manhajar da shi, na ɗaura masa register_adapter, wanda ke juya shi cikakkiyar lamba ta kwabo lokacin ajiya, da register_converter mai dawo da shi naira lokacin karantawa. Naira 45,000 tana kwanciya a matsayin 4500000. Lamba mai ɗigo na kore ta gaba ɗaya, don kai ma ka sani, ka tara 0.1 da 0.2 sai ka ga 0.30000000000000004. Paystack ma, kamfanin biyan kuɗi ta intanet, da kwabo take karɓar adadi, ba ni na ƙago ba. Sannan na sake gina teburan da STRICT, wanda ya zo a SQLite 3.37 a 2021, don ko wani ya zagaye ta baya ya kawo rubutu gurbin lamba, a mayar masa da kayansa.

Inda muka yi ta kai ruwa rana da Alhaji shi ne 45 tsirara. A kasuwa in aka ce masara arba'in da biyar, kowa ya san dubu ake nufi. Alhaji ya ce duk adadin da bai kai ɗari ba a ninka shi da dubu kawai, a huta. Na ce a'a. Ranar da yaro ya shigar da naira 50 ta leda fa? Manhaja ba ta da hurumin yin duba. Abin da ta gane ta juya, abin da ba ta gane ba ta ƙi shi nan take, yaron na tsaye da waya a hannu, ya gyara. Kuma ainihin abin da ya rubuta ina ajiye shi a gurbi na gefe, ba a taɓa shi, saboda ranar gardama. Tiya ma na ƙi mayar da ita kilo, tunda tiyar gero da ta wake ba nauyinsu ɗaya ba. Ina ajiye adadin da ma'auninsa tare.

Af, matar Dogo ta sauka, namiji. Ya ce in ba ka zo suna ba, kada ka ƙara kiran sa ango. Gwaggo kuma har yanzu tana cigiyar kwanon da ka tafi da dambu a ciki. Ni dai na isar.

Kwanan wata ma ya so ya ba ni ciwon kai. SQLite ba ta da nau'in kwanan wata, kuma tun Python 3.12 aka fara gargaɗin cewa a daina dogara da tsohon mai juya kwanan wata da ke zuwa a cikin Python ɗin, kowa ya rubuta nasa. Gara haka. Nawa yana rubuta shekara, wata, rana bisa tsarin ISO 8601, da agogon duniya na UTC, sai wajen nunawa a ƙara awa ɗaya ya zama lokacinmu. Lambar waya kuwa rubutu ce, kowa ya ce lamba ce ka bar shi da Excel ta cinye masa sifilin farko. Ina cire sifilin in sa +234, naku na Nijar masu lamba takwas in sa +227.

Yawwa, ga tambayar, saura kaɗan in manta. Alhaji na sayen wake daga Maraɗi, kuma mutanensa na can da dala da jika suke magana. Na san dala sefa biyar ce, jika sefa dubu, kuma sefa ba ta da kwabo, don haka nau'in Kuɗi dole ya riƙe sunan kuɗin tare da adadin. Amma in ɗan kasuwa ya danna 200 a waya, sefa yake nufi ko dala? Ka tambayar mini surukinka, shi da ke zaune cikin kasuwa. Ka tambaye shi kuma ko suna rubuta ƴ a waya ko 'y irin tamu, don suna guda yana fito mini mutum biyu wajen bincike, ina so in haɗe su tun daga ƙofa.

In direban nan zai taso, a saka mini kilishi, mai yaji, ba irin na bara ba. Ka gaida Maman yara da su Baba.

Naka,
abokinka na Kano