Anti ki ba ni shawara, wanda na fasa aurensa ya hana ni sakat

Assalamu alaikum Anti, ya aiki ya iyali? Dan Allah a sakaya sunana.

Ina zaune a Gwagwalada gidan yayata, ɗinki nake a wani shago. Wata takwas kenan da aka fasa maganar aurena da wani, har an kai kuɗin gaisuwa sai na gano yana shaye-shaye nace wa Baffa na janye, aka mayar masa da kuɗinsa ko kwabo bai yi ciwon kai ba. To Anti tun ranar ban ƙara samun sukuni ba wallahi. In na toshe lambarsa ya sayi sabon layi, yanzu na huɗu yake kai, da safe in fito in gan shi bakin layinmu zaune kan mashin ba ya cewa komai sai kallo, har shago yake bina. Talatar da ta wuce ya tare ni ina dawowa daga kasuwa ya fizge min mayafi ya murɗe hannuna, wai in ba shi ba sai dai a ɗauki gawata.

Mun taɓa zuwa caji ofis, aka sa ya rubuta takardar alkawari aka ce mu sasanta a gida tunda ba a fitar da jini ba. Kwana uku ya yi ya dawo abinsa.

Wata lauya da take kawo min ɗinki ce ta ga hannun a kumbure ta matsa sai da na faɗa mata. Tace akwai dokar hana cin zarafin mutane da ake kira VAPP, wadda Jonathan ya sa wa hannu a 2015, bibiyar mutum irin wannan laifi ce a cikinta, ɗauri har shekara 2 ko tarar da za ta kai naira 500,000 ko a haɗa duka. Tace babbar kotun Abuja za ta iya ba ni odar kariya ta wucin gadi tun kafin a gama shari'a, a hana shi zuwa gidanmu da shago da kirana, in ya karya a kama shi. Wai hukumar NAPTIP ce ke kula da dokar a nan, ni da na ɗauka yaƙi da safarar mutane kawai suka sani, kuma lauyoyi mata na FIDA suna taimakawa kyauta.

Matsalar a gida take. Mijin yayata yace kotu tonon silili ne, Inna kuma kuka take min a waya wai wa zai auri yarinyar da ta kai namiji ƙara, in tattara in dawo Zariya kawai. Amma Anti ai ya san gidanmu na Zariyan, can ya je gaisuwa! Kuma me ya sa ni ce zan bar sana'ata da kwastomomina, laifin me na yi?

Abin da ya fi hana ni barci shi ne ranar da za a kai masa takardar kotu, ina tsoron kar ya ƙara harzuƙa, mai shaye-shaye ina ruwansa da takarda. Ya zan yi da kaina a kwanakin nan? In na samu odar a Abuja na je Zariya hutun sallah za ta bi ni can? Saƙonninsa duk na ajiye ban goge ba amma ban je asibiti kan hannun ba, sun isa shaida? Sannan da wane baki zan fahimtar da Inna ba tare da ta yi fushi da ni ba?

Taki,
wata baiwar Allah daga Gwagwalada