Mai zuwa Harobanda a Yamai ya fara tambayar tsayin kogi

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ɗan fili a jaridarku mai albarka saboda 'yan uwa da ke tahowa Yamai daga Sakkwato, Kabi, Katsina da Kano, wasu don kawo yaro jami'a, wasu jinya, wasu zumunci, su sauka a unguwannin hayin kogi da ake kira Harobanda. Baƙo kan iso ya san kuɗin mota da farashin canji, amma bai san kogin da zai kwana a bakinsa ba. To a wannan unguwa kogin ne ke yanke hukuncin watan da ya dace a zo, da gidan da ya dace a kama, da gadar da za a bi.

Sunan ma daga ruwa ya fito. Da Zabarmanci hari shi ne ruwa, banda kuma baya, wato bayan ruwa. Yamai tana da gundumomi 5, huɗu a gaɓar da fadar gwamnati da Babbar Kasuwa suke, ta biyar ita ce ta hayi. A cikinta akwai Lamorde, tsohon mazaunin Fulani mai Amirunsa, da Karaje, Nogare, Zarmagande, Kirkisoye, Banga Bana da Sagiya. Jami'ar Abdou Moumouni tana nan, haka babban asibitin Lamorde da cibiyar AGRHYMET ta nazarin yanayi da noma. Gefen ruwa kuwa fadamun shinkafa ne da lambunan zogale, latas, kabeji da mangwaro. Galibin wurin kwari ne, kuma unguwanni da dama an gina su ne a kan tsohuwar hanyar ruwa.

Abin da baƙo ya fi rasa ganewa shi ne kogin Isa, wanda ku kuke ce wa Kwara, sau biyu yake cika a shekara a Yamai. Cikar farko ta damina ce, Agusta zuwa Satumba, ana ce mata jar cika saboda ruwan jawur yake zuwa da jar ƙasa. Ruwan sama ne na kusa, wanda Sirba da Dargol da Gorwal ke kwasowa daga ɓangaren Burkina Faso su zuba a kogin sama da birnin. Wannan cika ba ta sallama. Ana iya kwana uku Yamai ba ta ga ɗigon ruwa ba, rana tas, amma kogi na hawa, domin can sama aka tafka ruwan. Da ƙasar can tana da itatuwa da ciyawa tana shanye ruwa. Yanzu an share ta, fuskarta ta daskare, abin da ya zuba sai ya gangaro gaba ɗaya da yashinsa. Yashin kuma ya cike cikin kogi, ruwa ya rasa wurin zama.

Cika ta biyu ita ce baƙar cika, ko cikar Gine. Ruwan da ya sauka a tsaunukan Gine da damina yakan yi watanni yana yawo a fadamun Mali wajen Mopti, ya ajiye lakarsa, sannan ya iso Yamai a natse, ya kai ƙololuwa wajen Janairu. Ana cikin hunturu, leɓe na tsagewa, kogi kuma ya cika maƙil. Masunta na Yawuri sun san wannan ruwa, don shi ne ke wucewa ya shiga tafkin Kainji. Daga nan sai ja da baya har Mayu da Yuni, lokacin da tsibiran yashi ke fitowa tsakiyar kogi. A 1985 ruwan ma tsayawa ya yi da gudu a Yamai.

Ana auna tsayin ruwan da santimita a ma'aunin Yamai, kuma Hukumar Kogin Neja ta ƙasashe 9, wadda Nijeriya ke ciki kuma hedikwatarta ke nan birnin, tana fitar da sanarwa. Lambobi biyu ya kamata baƙo ya riƙe: 580 gargaɗi ne mai ƙarfi, 620 kuwa jan layi. A Satumban 2020 ruwa ya kai 700. Jingar da ta kare hayin ta ɓalle a wannan damina, ruwa ya shiga Lamorde da Karaje da maƙwabtansu, ya taɓa jami'a da asibiti, mutane suka riƙa shiga gidajensu da kwale-kwale suna tsamo katifa. An yi makamancin haka a 2012. An ƙara wa jingar tsayi da ƙarfi, amma jinga ƙasa ce da dutse, kuma tana da wani aibi da ba a cika faɗa ba: idan kogi ya fi unguwa tudu, ruwan saman da ya zuba a cikin unguwa ba shi da mafita, sai ya kwanta a bayan jingar. Ƙarƙashin ƙasa ma ruwa kan taso, tsakar gida ta riƙa tsatstsafo ko da kogi bai tsallako ba.

Saboda haka wanda ke da zaɓi ya zo tsakanin Nuwamba da Fabrairu. Kogi a cike, lambuna kore shar, sauro ya ragu, dare da sanyi. Afrilu da Mayu zafi kan wuce 40 a ma'auni, ga ɗaukewar wuta. Wanda lalura ta kawo shi a Agusta ko Satumba, ya tambayi mai masaukinsa lambar ma'auni ta ranar kafin ya hau mota, kuma ya sa fasfo da takardun asibiti ko na makaranta a leda mai ɗaurewa.

Mai neman ɗakin haya, musamman uban da zai bar ɗalibi shekara guda, kada ya tsaya kan fenti. Ya zagaya bayan gida, inda ba a shafa komai ba, ya duba gindin katanga. Inda ruwa ya taɓa kwanciya za a ga zane miƙaƙƙe, ƙasansa ya fi duhu, siminti na ɓarɓashi, wani wuri da farin gishiri kamar kanwa. Ya gwada zanen da jikinsa: idon sawu ne, gwiwa ce, ko ƙugu. Ya duba ko daɓen ɗaki ya fi titi tudu, da matakala nawa. Ginin laka daga gindi yake mutuwa: tubalin ƙasa ya jiƙa ya narke, na sama ya rasa madogara, katanga ta zauna, sau da yawa cikin dare bayan ruwan ya ɗauke. In laka ce, a tabbatar aƙalla layukan farko na dutse ne ko bulo. A leƙa masai kuma. Ramin da ruwa ya kusa bakinsa da rani, da damina ambaliya zai yi, ya haɗu da rijiyar gidan. Sannan tambaya ɗaya, a yi wa mai shayi na bakin layi ko tsohuwa mai ƙosai, ba dillali ba: a 2020 ina ruwa ya tsaya? Za su nuna maka da hannu a jikin bango.

Gadoji 3 ne. Gadar Kennedy, wadda aka buɗe a 1970, tsawonta mita 710, layi biyu kacal, ita ce ta jami'a da asibiti, kuma a kanta ne aka harbe ɗalibai 3 ranar 9 ga Fabrairun 1990. Da safe wajen bakwai zuwa takwas da rabi, da kuma tashin ma'aikata, motoci da babura da amalanken jaki da raƙumi mai ɗauke da tabarmi duk a kanta suke, mota ɗaya ta mutu kowa ya tsaya. Mai ganin likita da safe ya fita da wuri. Gada ta biyu da Sin ta gina, aka buɗe a 2011, tana ƙasa da ita ta inda ruwa ya nufa, layi huɗu, ita ta fi wa mai zuwa Kirkisoye da Sagiya da hanyar Sayi. Ta uku, mai sunan Janar Seyni Kountché, ta 2021, tana sama wajen Gudel. Kada a ɗaga waya a ɗauki hoto a kan gada ko inda akwai masu kaki. Abin da zai biyo baya, mafi sauƙinsa shi ne a karɓe wayar a yi ta bincike har ka rasa abin da ya fito da kai.

Takisi a Yamai ta haɗaka ce. Ka tsayar, ka faɗi inda za ka ta taga, in hanyarsa ce ya ce shiga, in ba haka ba ya ja motarsa ba tare da ya tanka ba, kuma ba wulaƙanci ba ne. Tsallake kogi sau da yawa kuɗin tafiya biyu ake lissafa shi, a daidaita tun a ƙasa. Ba a kwatance da sunan titi; kantin magani ake faɗa, ko gidan mai, ko masallaci, ko inda kwalta ta ƙare. Cikin unguwa yashi ne da rani, taɓo da damina, direba kan ajiye ka a bakin gudro, kamar yadda ake kiran kwalta a nan, sauran kuma sai ƙafa ko kabu-kabu.

Ga inda ɗan Nijeriya ke shan kunya: lissafin kuɗi. Da Hausa ko Zabarmanci ba a ƙirga sefa ɗai-ɗai, da dala ake yi, dala ɗaya sefa 5. In mai kifi ta ce ashirin, sefa 100 take nufi. In ta ce ɗari, 500 ke nan. Jikka ɗaya 1,000. Da Zabarmanci waranka ita ce ashirin ɗin, zangu ɗari. Wanda aka faɗa wa farashi da Faransanci kuwa lambar yadda take haka take. Baƙo ya ji “ɗari biyu”, ya miƙa sefa 200 yana murna da araha, alhali jikka guda ake nema. A tambaya kawai: dala ko sefa?

Hawan kwale-kwale da la'asar a lokacin baƙar cika abu ne da ya cancanci kuɗinsa, ga tsuntsaye, ga Sarkawa na jefa birgi, ga birnin daga tsakiyar ruwa. Amma da sharuɗɗa. A gama ciniki a tudu, har da tsawon lokaci da inda za a juyo. Rigar ceto ba kowane jirgi ke da ita ba, wanda bai iya iyo ba ya nemi mai ita ko ya haƙura. Bayan kowa ya zauna a dubi tazarar da ke tsakanin ruwa da bakin jirgi. In ba ta kai ɗani guda ba, lodi ya yi yawa, a sauka. Ba a miƙewa tsaye don hoto. Da damina in gabas ta yi baƙi a fito nan take, domin iskar da ke gaban hadari ita ke kifar da jirgi tun ruwa bai sauko ba. Akwai dorina a wannan yanki na kogin, ta fi yawa ta sama, kuma da magariba take fitowa kiwo. Matuƙi ya ce ba za a bi ta wani lungu ba, a bar masa.

Wanka a kogi kuma a bar wa 'yan gari da suka saba, su ma ba lafiya suke sha ba. Ruwan gefe mai kwanciya, inda kainuwa da ciyawa suke, da magudanan fadamun shinkafa, nan dodon-koɗin da ke ɗauke da tsargiya yake. Ƙwayar ta fata take shiga, tsoma ƙafa ya isa. Da farko ɗan ƙaiƙayi ne, sai bayan wata biyu ko uku, mutum ya koma gida ya manta da Yamai, a ga jini a ƙarshen fitsari. Maganinta praziquantel, ana bayar da shi gwargwadon nauyin jiki, amma sai an gaya wa likita cewa an shiga kogi. In dole ce ta sa a yi wanka da ruwan kogi, a tafasa shi, ko a ajiye a randa kwana biyu. Na sha kuwa na famfo ko na leda. Gidan sauro a zo da shi a jaka, kada a dogara da na masauki.

A tuna unguwa ce ta mutane, ba wurin shaƙatawa ba. Lambun da ka gani ba shinge yana da mai shi, sallama ake yi. Matan da ke wanki da wanke-wanke a mashaya ba abin ɗauka a waya ba ne. Hausa tana ci ko'ina, amma “fofo” ga Bazabarme ko “jam wali” ga dattijon Lamorde da safe yana buɗe ƙofa fiye da doguwar gaisuwa. Wanda aka kawo wa dambu da kopto, wato kwaɗon zogale, ko soyayyar giwan ruwa, ya ci, don shi ne abincin wurin.

Batun takardu, ƙa'idojin shiga sun sauya tun da Nijar ta fita daga ECOWAS a Janairun 2025. A riƙe fasfo mai rai da katin rigakafin shawara, a kuma tambayi direbobin Ilela ko Kamba halin da iyaka ke ciki a makon tafiya. Cikin gari a riƙa yawo da shaida a aljihu. Hanyoyin da suka fita daga hayin zuwa Torodi da Sayi kuwa sun shiga yankin Tillaberi mai fama da matsalar tsaro, baƙo kada ya wuce shingen ƙarshe na birni don yawon ganin duwatsu.

Roƙonmu gare ku, Malam Edita: daga Agusta zuwa ƙarshen Satumba ku ware layi ɗaya kowane mako, kusa da farashin hatsi, ku riƙa buga tsayin kogi a ma'aunin Yamai. Zai amfani matafiya, zai kuma amfani manoman shinkafa na Kabi, tunda ruwan da ya wuce ƙarƙashin gadar Kennedy wajensu ya nufa.

Wassalam.

Naku,
Wasu masu karanta jaridarku,
Harobanda, Yamai.