Takardar Koke Kan Ɗakin Haƙorin da Marigayi Baba Kanar Ya Bar wa Unguwa

Zuwa ga Mai Girma Hakimi,
Ta hannun Mai Unguwa,
Kaduna.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwar ban girma da mubaya'a, mu ne talakawanka, tsofaffin ma'aikatan jinya da masu gyaran kayan asibiti da sojoji masu ritaya na wannan unguwa. Ba mu so ɗaga maka hankali ba, amma abin da ya faru daren Juma'ar da ta wuce ya fi ƙarfin shiru.

Ɓarayi sun ɓalle tagar ɗakin haƙori na ƙaramin asibitinmu, sun kwance injin iska, sun yanke wayoyin da ke shiga kujerar aiki. Tukunyar gasa kayan aiki ta yi musu nauyi, sai suka yar da ita a bakin kwata, ruwan sama ya kwana yana dukanta. Allah ya ja zamaninka, ko addu'ar arba'in ta wanda ya kafa ɗakin ba a yi ba.

Ka san Baba Kanar. Likitan haƙori ne da ya ƙare aikinsa a asibitocin soja, ya haura shekara 80 kafin Allah ya karɓi abinsa, ya bar 'ya'ya da jikoki masu mutunci. Da kuɗin sallamarsa ya sayi kujerar nan, kuma har ƙafa ta gaza yana zuwa duba yara kyauta. Shi ya koya wa iyaye cewa turmin da ke fitowa yaro a shekara 6 ba ya famfara, in ya ruɓe an yi asararsa ke nan. Ya bar littafin kula da injuna da rubutun hannunsa, da tsari irin na soja.

Mun sha kai kuka kan rufin da ke yoyo da rashin maigadi, a baki da a rubuce, a ofishin da abin ya shafa. Kullum amsa ɗaya ce, ana dubawa. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Ranka ya daɗe, a gafarce mu mu yi bayani, don wasu na cewa ai kujera tana nan. Kujera ba ta aiki sai da iska. Iskar ce ke juya abin goge kogon haƙori, wanda ke zagayawa fiye da sau 300,000 a minti, ita ce kuma ke tura ruwan da ke sanyaya haƙorin. In babu ruwan, zafi zai kashe jijiyar haƙori, wanda ya zo cike ƙaramin kogo ya koma gida da babban ciwo. Injin kuma dole ya zama marar mai, kada a sayo mana irin na masu faci, domin mai zai bi iska ya shiga bakin majiyyaci, cikon ma ba zai kama ba. Kowace yamma ana buɗe famfon ƙasan tankinsa a zubar da ruwan da ya taru, in ba haka ba tsatsa ta cinye shi ta toshe bututu.

Tukunyar kuwa ita ce ran ɗakin. Tana gasa kaya da tururi a zafin digiri 121 na aƙalla minti 15. Tafasa a ruwa iyakarsa digiri 100, bai kashe duk ƙwayoyin cuta. Wadda ta sha ruwa ba a jona ta sai an busar da ita, an canza robar murfi, an gwada ma'auninta.

Tun da ɗakin ya tsaya, mai hali ya nufi Asibitin Barau Dikko ko Asibitin Soja na 44. Marar hali sai masu cire haƙori a bakin kasuwa, da filaya ɗaya a bakin kowa, hanyar ciwon hanta ke nan. Ga kuma cutar noma mai zaizaye kumatun yara, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa cikin cututtukan da aka yi sakaci da su a 2023. Daga dasashi take farawa, kuma a irin ɗakin nan ake gano ta da wuri.

Don haka muke roƙon ka sa baki a sa maigadi tun daren yau, a yi wa taga ƙarfe, a gyara rufi kafin damina ta yi nisa. A binciki masu sayen tsofaffin ƙarafa, don injin nan bai yi nisa ba. A turo ma'aikacin haƙori ko sau biyu ne a mako. A sa wa ɗakin sunan marigayi da yardar iyalansa, amma bayan gyara, kada a manna sunan dattijo a kan kango. Muna kuma roƙon ka tako da kanka ka gani, mu maimaita, a sa maigadi.

Aikin haɗa injin da gwada tukunya mun ɗauka, ba ma neman ko sisi.

Allah ya jiƙan Baba Kanar, ya ƙara wa Hakimi lafiya da nisan kwana.

Mu ne masu biyayya,
Tsofaffin ma'aikatan lafiya da sojoji masu ritaya, a madadin jama'ar unguwa.