Tafiyar dogon hutu da ƙananan yara: abin da na gani tsakanin Kano da Yankari

Ya Edita,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida mai farin jini, ina roƙon ka ba ni ɗan fili in yi magana da 'yan'uwana iyaye a kan fita da ƙananan yara a mota lokacin dogon hutun makaranta, sannan in kai kuka ga masu iko da masu hali game da wahalar da mata da yara ke sha a kan hanyoyinmu idan tafiya ta yi nisa.

Ni magidanci ne a Kano, kuma Allah Ya ba ni 'ya'ya uku: namiji ɗan shekara tara, mace 'yar shekara shida, sai auta da bai daɗe da cika shekara biyu ba. Shekara da shekaru, idan aka ba da hutun ƙarshen zango na uku a watan Yuli, abin da muke yi shi ne mu tura su darasin hutu da safe, Islamiyya da yamma, sauran lokacin kuwa ya ƙare a gaban talabijin ko a wayar mahaifiyarsu har Satumba ta kama. Hajiya, mahaifiyata, ita ce ta farkar da ni, ranar da ta dube ni ta ce yaran nan ba su san ƙasarsu ba, ba su kuma san danginsu na Bauchi ba in ba a hoto ba. Maganar ta tsaya mini a rai, domin kuwa zumunci a ƙafa yake. A watan Agusta muka shirya muka kama hanya, da niyyar mu kwana biyu a Bauchi wajen gwaggon maiɗakina, daga nan mu wuce Yankari.

Tun ana saura mako guda na kai motar wajen bakanike ya duba birki da baƙin mai da fitilu da waifa, saboda damina ce, shi ne kuma ya nuna mini lambobi huɗu da ke jikin kowace taya, waɗanda ke faɗin mako da shekarar da aka ƙera ta, muka tarar safayata ta tsufa ƙwarai duk da cewa haƙoranta ba su cinye ba, na sauya ta. Maiɗakina ta haɗa gidan sauro da tabarma da buta da jarkar ruwa, da ƙullin gishiri da sukari na asibiti saboda gudawa, muka kuma jira auta ya gama shan maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro na wannan wata, wanda ake bi gida gida ana ba yara 'yan wata 3 zuwa wata 59 a lokacin damina. Na kuma tambayi direbobin tasha halin da hanya take ciki, domin ban manta ba yadda ambaliya ta yanke hanyar Kano zuwa Maiduguri a yankin Katagum a watan Agustan 2024.

Ranar Alhamis muka tashi bayan sallar Asuba, da gangan, don kada mu haɗu da cunkoson kasuwar Wudil ta ranar Juma'a. Tsakanin Kano da Bauchi ta Wudil da Birnin Kudu da Ningi kimanin kilomita 300 ne, kuma mutumin da ke shi kaɗai yakan shafe ta cikin awa huɗu zuwa biyar. Mu sai da muka yi kusan takwas, kuma ban yi nadamar ko minti ɗaya ba. Wannan shi ne babban abin da nake son iyaye maza su ji: idan akwai ƙaramin yaro a mota, to shi ne ke yanke saurin tafiyar, ba agogon uba ba. Mu maza mun saba mu ɗauki tafiya tamkar wani aiki da za a gama a huta, sai a yi ta taka mota, yaro ya ce yana jin fitsari a ce ya daure an kusa, ya yi kuka a yi masa tsawa, har a isa kowa ransa a ɓace, yaron kuma ya taso da tsoron hanya. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta ƙayyade wa ƙananan motoci gudun kilomita 80 a awa a kan babbar hanya, da 100 a kan tagwayen hanyoyi, amma na lura cewa ko wannan ma yakan yi yawa idan ruwan sama ya sauko ko aka shiga wurin da ramuka suka yi yawa.

A kan gadar Wudil na rage gudu yara suka ga kogi ya cika ya batse, ga kwale-kwale, ga masu ɗibar yashi. Da muka yi gaba kaɗan na tsaya a bakin wata gona, muka gaisa da mai ita, na roƙe shi ya bar yarana su shiga kunya ɗaya ko biyu. Gero ya riga ya fitar da kai, dawa kuwa da sauranta. A nan na gane cewa ɗana, wanda ke cin tuwon dawa yana shan kunun gero tun yana goye, ba ya iya bambanta su a tsaye. Dattijon nan ya kama hannunsa ya ɗora a kan zangarniya, ya nuna masa faɗin ganyen dawa da sirantar na gero, ya tuge tushen gyaɗa guda ya karkaɗe ƙasar ya miƙa wa 'yata, ita kuwa ta tsaya baki buɗe, domin a zatonta a saman bishiya gyaɗa take 'ya'ya. Duka tsayuwar ba ta fi minti goma sha biyar ba, amma har yau ita suke fara ba mutane labari.

Ya Edita, a gaba da nan ne na ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Bayan mun wuce Birnin Kudu, 'yata ta ce, “Baba, fitsari nake ji.” Na tsaya a wani gidan mai, aka ce akwai banɗaki amma a kulle yake, mai riƙe da makulli kuma ya fita. Na ƙara gaba zuwa wani, shi a buɗe yake, sai dai mahaifiyarta tana leƙawa ta juyo, domin babu ruwa, babu ƙofar kirki, kuma ƙazantar da ke ciki ba ta faɗuwa a jarida. Daga ƙarshe a gefen hanya muka tsaya, uwar ta ware mayafinta ta yi wa yarinyar labule a bayan wani ɗan sabara, cikin jiƙaƙƙiyar ciyawa mai kai wa gwiwa, ni kuma ina tsaye da sanda ina bubbuga ƙasa saboda tsoron maciji, manyan motoci suna wucewa suna feso mana ruwa. Da muka koma mota na miƙa wa maiɗakina ruwa ta ce ba ta sha, sai a lokacin ta gaya mini cewa tun daren jiya ta rage shan ruwa, kuma haka take yi duk ranar da za a yi tafiya, haka ma yayyenta da ƙawayenta suke yi. Shekara goma sha ɗaya muna tare ban taɓa sanin wannan ba. Mace mai ɗawainiya da yara uku, ta wuni da ƙishirwa don kawai ba ta da inda za ta kewaya cikin sutura!

Namiji ba ya ganin wannan matsala, saboda shi ko'ina ya tsaya da butarsa ya gama. Ina ganin shi ya sa ba a maganarta. A tsawon hanyar nan na ga masallatai da yawa da bayin Allah suka gina a bakin titi, Allah Ya saka musu da alheri, amma kaɗan ne na ga suna da sashen mata, kaɗan ne kuma ke da makewayi mai ruwa da ƙofa mai sakata. Babu inda uwa za ta shimfiɗa jariri ta sauya masa kunzugu in ba kujerar mota ko kan but ba. Addininmu ya sauƙaƙa wa matafiyi har ya ba shi damar yin ƙasaru, mu ma raka'a biyu muka yi Azahar a Ningi, to me zai hana mu sauƙaƙa wa iyalanmu abin da yake hannunmu?

Wani abin da ya tayar mini da hankali shi ne yadda na ga iyaye suna zaunar da yara a mota. Na ga uba yana tuƙi da yaro a cinyarsa, na ga uwa a kujerar gaba ta rungume jariri babu bel, na ga yara sun zuro kawunansu ta taga. Ƙa'idar ita ce yaron da bai kai shekara 12 ba a baya yake zama, a ɗaure. Duk ƙarfin hannun uwa ba zai riƙe yaro ba idan aka taka birki ba zato, kuma a hanyarmu akuya ko ɗan acaɓa kan faɗo titi ko yaushe. Mu mun ari kujerar yara wajen wani abokina muka ɗaure auta a ciki, ya yi kukan rabin awa sannan barci ya ɗauke shi. Na kuma kulle ƙofofin baya da ɗan makullin nan da ke jikin ƙofa, wanda ke hana buɗewa daga ciki, na rubuta lambar gaggawa ta Hukumar Kiyaye Haɗurra, 122, na manna a gaban mota.

A Ningi na nuna wa babban ɗana duwatsun garin, na ba shi labarin Malam Hamza da malaman da suka taso daga Tsakuwa ta ƙasar Kano a ƙarni na 19 suka fake a cikinsu. A Bauchi kuwa, bayan gwaggo ta cika mu da masa da miyar taushe, ta kuma yi hawayen ganin jikokinta, mun kai yaran kabarin Sir Abubakar Tafawa Balewa, Firayim Ministan Najeriya na farko, wanda aka kashe a juyin mulkin Janairun 1966. Na tafi da takardar naira biyar a aljihu na nuna musu hotonsa, muka yi masa addu'a, ɗana ya yi ta tambayar abin da ya sa aka kashe shi, na amsa masa gwargwadon abin da shekarunsa za su ɗauka.

Daga Bauchi hanyar Gombe ake bi zuwa Dindima, a karya dama zuwa ƙofar Mainamaji, daga ƙofar kuma akwai tafiyar kimanin kilomita 40 a cikin daji kafin a kai masaukin Wikki. An keɓe wannan daji tun 1956, aka buɗe shi ga masu ziyara a 1962, ya zama gandun daji na ƙasa a 1991, sannan ya koma hannun Jihar Bauchi a 2006, faɗinsa kuma ya haura murabba'in kilomita 2,200. Ruwan Wikki daga ƙarƙashin dutse yake ɓuɓɓugowa, garai-garai har ana ganin farin yashin ƙasansa, ɗuminsa kuma digiri 31 ne dare da rana, rani da damina. Auta, wanda ke tsoron wankan baho a gida, ya zauna a bakin gaɓa ruwa iya cikinsa yana dariya yana bugun ruwan da tafin hannu, ni kuwa ban saki hannunsa ba, domin ruwa ba a raina shi ko da kaɗan ne. Ina kuma jan kunnen iyaye kada su bar yaro ya riƙe abinci a fili a can, don a gabanmu wani gwaggon biri ya fizge ledar burodi daga hannun 'yata, ta daɗe tana rawar jiki.

Giwa dai ba mu gani ba. Ɗan jagoran da ya zaga da mu ya bayyana mana cewa da damina ciyawa takan yi tsawo, ruwa kuma yana ko'ina, don haka namun daji sukan warwatsu, amma da rani dole su sauko kogin Gaji. Mun ga gwambaza da gadu da birai da tsuntsaye iri iri, sannan a wani wuri mai laka ya nuna mana sawun giwa, ɗana ya sa ƙafafunsa biyu a ciki har da sauran wuri.

Na san wani zai ce tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 wa ke da kuɗin yawon buɗe ido, kuma yana da gaskiya, domin ni ma wata biyar na yi ina adashi kafin tafiyar nan, kwana a gidan dangi da girki daga gida ne kuma suka rage mana nauyi. Amma ba dole sai Yankari ba. Bakano zai iya kai yaransa madatsar ruwa ta Tiga ya dawo a yini ɗaya, ɗan Katsina ga hasumiyar Gobarau ga rijiyar Kusugu a Daura, Bazazzagi ga dutsen Kufena, kowa kuma yana da ƙauyen kakanni. Sharaɗin kawai shi ne a tambayi halin tsaron hanya kafin a tashi, kuma kada a yarda dare ya yi a kan titi da iyali.

Saboda haka ina kira ga gwamnatocin jihohi da su sa samar da banɗakin mata mai ruwa, a buɗe, cikin sharuɗɗan da za a cika kafin a bar gidan mai ya yi aiki a kan babbar hanya, a kuma riƙa bibiya. Ina kira ga masu gidajen man su ɗauki mace mai shara su ba ta makullin, ko da za a riƙa karɓar ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, domin duk uban da ya san akwai irin wannan wuri a can zai tsaya ya sha mai ya yi sayayya. Masu hannu da shuni da ke gina masallatan bakin hanya kuma ina roƙonsu su haɗa da rijiya ko burtsatse da makewayi biyu da ɗan ɗakin da uwa za ta shayar da ɗanta. Malamanmu su taimaka su faɗi wannan a kan mumbari.

Mu dai mun yi wa yaran alkawarin komawa a hutun zango na biyu, lokacin da ciyawa ta bushe, in Allah Ya kai mu da rai da lafiya, ko ma dace da giwar. Na kuma yi wa mahaifiyarsu alkawarin cewa kafin mu tashi zan binciko wuraren tsayawa masu tsabta a kan hanyar, don ta sha ruwanta hankali kwance.

Na gode da wannan fili, Allah Ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Wassalam,
Wani mahaifi, mai karatunku daga Kano.