Zuwa ga Abba, akan maganar motar nan taka

Assalamu alaikum Abba.

Da fatan ka wuni lafiya, ya aiki ya zafi. Na zaɓi in rubuto maka ne saboda duk sanda muka zauna akan maganar motar nan sai ka sunkuyar da kai kana "to Baba, to Baba" har in gaji in yi shiru, kuma na san to ɗin nan taka, ta ladabi ce kawai, tun kana ƙarami haka kake, ka ce to ka fita ka yi abin da ranka ya ba ka. Toh wannan dai ka daure ka karanta ta har ƙarshe, bayan isha'i in babu abokai a kusa da kai.

Shekaranjiya Gwaggonka ta Gwammaja ta turo wa Ummanku wani bidiyo, wai a wayar wani yaro aka gani, bikin wani abokinku ne. Baƙar mota tana juyi a tsakiyar kwalta tana ta hayaƙi, jama'a sun kewaye ta ana ihu ana fito. Ba a ga fuskar direba ba, lamba ma an rufe ta da tsumma. Ummanku tace ai ba kai bane, irin motar ta yi yawa a gari, ni ban ce mata uffan ba. Amma fitilar baya ta hagu wadda ta fi ta dama haske, ni na ciro maka ita daga shago da hannuna bayan ƙaramar sallah, ko cikin motoci ɗari aka saka ta zan gane.

Kada ka ɗauka motar nake ƙi. Shekara talatin da ɗoriya ina sayar da kayan motocin Jamus a Ƙofar Ruwa, da su na ciyar da ku na kai ku makaranta, ba ni zan zagi BMW ba. Ranar da ka kawo ta gida ka buɗe min bonet wallahi raina ya yi fari ko da ban nuna maka ba. E46 ce, 330i ƙirar 2002, injin M54 silinda shida a jere mai lita 3, ƙarfin doki 231 Jamusawa suka rubuta mata tana sabuwa, in tana tsaye a kunne sai ka sa kunne sosai kafin ka ji ta. Fijo 504 ɗina da kake tunawa, haɗin Kaduna, ko doki 100 ba ta kai ba. Na san daɗin da kake ji in ka taka totur ta amsa maka nan take, ban manta ƙuruciya ba.

Amma tsohuwa ce Abba, ta girmi ƙanwarka. Kuma an yi ta ne a ƙasar sanyi, kai kuma ka kawo ta Kano inda zafin Afrilu yake haura 40 ka tsayar da ita a cunkoson Kwari da tsakar rana. Tulun ruwanta roba ne, wuyan lagireto roba, gidan tamostat roba, ita kuwa roba in ta shekara ashirin tana dahuwa tana hucewa sai ta koma kamar tsohuwar ƙwarya, taɓa kaɗan ta dare. Ga injin aluminiyam ne ba ƙarfe irin na 504 ba, sau ɗaya allurar nan ta taɓa ja ka ce bari in ƙarasa gida, tof silinda ya lanƙwashe kenan, wani lokaci ma zaren da ke riƙe notinan a jikin bulok ya zare, sai dai a fara cigiyar injin beljiyam. Mutum nawa suka zauna a bencina suna salati akan wannan? Shi ya sa nake ta faɗa maka kada ka bari wani bakanike ya cire maka tamostat wai don zafin ƙasarmu, kada a zuba mata ruwan ɗan garuwa, a sa ruwan lagireto na gaske a kwance ɗan notin roban nan a fitar da iska. Baƙin mai kuma lita shida da rabi take ci, mai laushi irin nata, ba na galan ɗin bakin titi ba. Ga fetur, tunda aka cire tallafi a watan Mayun 2023 kowa ya san yadda abin yake, kai kuma lefe kake cewa kana tarawa.

Duk wannan dai kuɗi ne, kuɗi kuwa ana rasawa a sake samu. Da akan kuɗi ne da ban ɗauki waya ina ta laluben haruffa da idon nan nawa ba.

Jiya bayan azahar na bar wa yara shago na hau adaidaita na je garejin da kake kai ta. Ba ka nan, ubangidan nasu ma ya fita, sai yaransa. Na tarar da ita a kan jak bayanta a sama ana canza tayoyi, waɗanda aka cire suna jingine a bango har waya ta fito musu. Na durƙusa, da gwiwar nan tawa da ka sani, na kama tayar hagu na juya da hannu. Ta dama ta biyo ta, waje ɗaya, lokaci ɗaya, kamar ƙarfe guda. Kai ka sani ni na sani, bak aksil ɗinta na asali, wanda yake juya tayoyin baya, in ka juya taya ɗaya gaba, ɗayar baya take yi. Na tambayi yaron ya yi ta kame-kame, da na tsare shi da ido yace eh Alhaji, tun kafin azumi aka yi mata walda.

Abba ka san abin da ka yi kuwa? In mota za ta sha kwana, tayar waje ta fi ta ciki nisan tafiya, shi ya sa aka sa haƙoran nan a tsakiya don kowace ta yi gudun da ya dace da ita. Ka sa an narke su sun zama dunƙule ɗaya, toh dole ɗaya ta riƙa zamewa duk kwanar da ka sha, ita ce ƙarar nan ta ƙiii da nake ji in kana juyawa a ƙofar gida ina ɗauka yashi ne. A busasshiyar kwalta kenan. Ga damina ta kankama, ruwan Agusta ya sauka akan titin da yashi da baƙin mai suka kwanta, mota mai ja da tayoyin baya, doki 231, wallahi ba za ta yi shawara da kai ba za ta juya. Na leƙa ciki na ga maɓallin DSC har rubutun ya goge saboda dannawa, abin da aka sa don ya kama maka ita in ta fara zillewa shi kake kashewa. An yanke sifirin ta kwanta ƙasa. Tayar gaba na goge gefenta da yawu na karanta lambobi huɗun nan, 1416, wato sati na 14 a 2016, alhali 'yan kiyaye haɗurra shekara huɗu suke cewa taya ta gama aiki. Na kunna tocilar waya na haska ƙarƙashin but inda aksil yake riƙe da jikin mota, ciwon E46 da duk ɗan kasuwarmu ya sani, naka ya fara, siririn tsagu kamar silin gashi, kuma duk fizgar da kake yi ƙara buɗe shi take.

Na dawo gida na ce Ummanku ta ara min wayarta, na shiga ɗaki na sake kallon bidiyon ina tsayarwa. Ban kalli motar ba wannan karon, mutanen na kalla. Manyan duk suna baya. Sahun gaba yara ne, almajirai da robobinsu a hannu, sai wata yarinya mai tallan gyaɗa da faranti a ka, ɗan hijabinta ruwan toka, ba za ta haura shekara tara ba, tana dariya. Bayan motarka ya wuce ta tsakaninsu bai kai taku biyu ba, har iskar ta ɗaga mata hijabi. Ƙarfe tan ɗaya da rabi Abba. Kai kana ciki ka ɗaura bel, ga ƙarfe ta ko'ina ya kewaye ka, ita fa? Farantin gyaɗa.

Ummanku kai take ji wa tsoro, ni ma ina ji, wane uba ne ba zai ji ba. Amma abin da ya hana ni barci dare biyu yarinyar nan ce, kuma kai ka fi kowa sanin dalili cikin 'ya'yana. Kana aji uku shekarar da aka haifi ƙanwarka kake tambayar Ummanku me ya sa Baba ba ya cin abincin rana alhali ba azumi ake ba, wata biyu cur a jere. Ka san dalilin da ya sa har yau in za mu Wudil ba na taɓa sitiyari tun ranar da na kaɗe yaron nan ya rasu, ka san gidan da nake kai buhun gero duk kaka, kai ma ka raka ni sau biyu. Ni ban yi gudu ba, ban yi ganganci ba, birkina lafiya lau, mutanen garin da kansu suka shaida, iyayen suka yafe tun kafin a yi sadakar uku. Allah Ya sani ban yi sakaci ba. Amma shekara nawa yau, har yanzu in na yi sujada wani lokacin ƙarar nake ji, kuma duk sanda uwarsa ta fito ta durƙusa tana min godiyar gero ji nake gara ta zage ni.

Wanda ya yi kuskure kenan fa. Ka buɗe Suratun Nisa'i aya ta 92 ka karanta, ran da aka ɗauka bisa kuskure ma da diyya da kaffara, raƙumi ɗari malamai suka ce. Toh kai da ka ciro kuɗi daga aljihunka ka biya aka lalata aksil, ka kashe maɓalli da yatsanka, ka rufe lamba da tsumma saboda ka san abin da za ka yi ba daidai bane, ka shiga tsakiyar 'ya'yan mutane, da wane bakin za ka ce kuskure ne? A gaban wa? Haba Abba! Ashe duk tarbiyyar da muka yi a banza, don a yi maka fito a ɗauke ka a waya? Sunan mahaifina ne da kai, shi ya sa ban taɓa ɗaga murya na kira ka da shi ba, mutumin da ko kekensa ba ya hawa cikin lungu sai ya sauka ya tura saboda yara. Waɗannan masu yi maka kirari ranar da abu ya faru ko ƙeyar ɗaya ba za ka gani ba, kuma ka san halin jama'a in sun ga jinin yaro a kwalta, kafin hukuma ta iso an gama da kai da motar. In kana ganin faɗa nake, ka ware yammaci ɗaya ka shiga asibitin ƙashi na Dala ka zaga ɗakunan, gani ga wane ya ishi wane.

Na san abin da za ka ce a ranka, ai Baba shi ya koya min son mota. Eh ni ne. Ni na ɗora ka a cinyata ka riƙe sitiyarin 504 kana leƙe ta samansa, amma a filin idi ne da sassafe babu ko akuya. Ni na ba ka sifana tun hannunka bai iya riƙe ta ba. Na kuma san har yanzu kana riƙe da maganar kuɗin nan da na hana ka bara, kuma ko yau aka dawo da maganar hana ka zan yi, don na ga inda za su tafi. Ban taɓa hana ka abu don in ƙuntata maka ba, ka tambayi yayyenka.

Ka yafe min zafin maganar, zuciya ce ta cika. Kai yaron kirki ne, ba ka sha ba ka busa, ba ka taɓa ɗaga min kai ba, duk unguwa ana yabonka, shi ya sa abin ya fi yi min ciwo. Kuma ban ce ka sayar da ita ba. Ka riƙe abarka, gyara take so na gaske. A sa mata tulun ruwa sabo da famfon ruwa mai fankar ƙarfe, a canza bushin na gaba da na baya, a mayar mata da sifirin da shokazoba nata, a zubar da man birkin nan da ya koma kamar shayi a sa sabon DOT 4, duk shekara biyu ake yi saboda yana shan ruwa. Tayoyi huɗu sababbi, ba beljiyam ba, ko da za ka yi wata biyu kana tarawa. In walda kake so ga inda ake buƙatarta nan, a sauke aksil a ɗinke tsagun nan a ƙara masa faranti kafin ya yage. In ka yi wannan za ka ji yadda mota take, ka ɗauke ni mu je Zariya mu dawo a natse ina gefenka. Shi kuma wasan juyin, ƙasashen da suke gasarsa fili suke killacewa, direba da hular kwano, 'yan kallo can bayan shinge. Duk ranar da kuka samu irin wannan ka zo mu yi magana. A kan titin da 'yan talla suke bi kam ban yarda ba, ban kuma yafe ba in ka sake.

Na samo bak aksil a wajen maƙwabcina a kasuwa, na sa an buɗe na duba haƙoran ɗaya bayan ɗaya, lafiya suke, lambar ma ta dace da giyarka. Na biya, ba bashi bane a kanka. Ka kawo motar shago ranar Asabar da safe kafin rana ta yi zafi, akwai mai ɗaurawa da na yarda da hannunsa, ni zan tsaya a kai har a gama. Ka taho a hankali, in kuma an yi ruwa da daddare ka bar ta a inda take ka hau adaidaita, sai mu kai aksil ɗin can.

Ummanku har yanzu ba ta san kai ne ba, kuma ba daga bakina za ta ji ba. Tace ka zo bayan Juma'a za ta yi dambu, ka taho mata da maganinta na ƙafa ya ƙare tun Talata.

Allah Ya yi maka albarka, Ya tsare ka Ya tsare mutane daga hannunka.

Babanka.