Godiya ga Masu Tsara Littattafai na Tudun Wada

Assalamu alaikum.

Zuwa ga Malam mai shagon tsara littattafai da ke kusa da Poli a Tudun Wadar Kaduna, da dukan yaransa. Ka ce kada in ambaci sunanka, na kuma kiyaye, amma ai ba ka hana ni yin godiya a bainar jama'a ba.

Ni tsohon ma'aikacin masaƙa ne a Kakuri. Tun da na ajiye aiki nake fama da wani ɗan littafi a kan tarihin masaƙun Kaduna, daga 1957 da aka buɗe masaƙar KTL, wato Kaduna Textiles Limited, har zuwa lokacin da injuna suka yi shiru. Shekara shida ina sintiri tsakanin cibiyar binciken tarihi ta Arewa House da ke titin Rabah da ma'adanar takardun tarihi ta ƙasa da ke titin Yakubu Gowon, ina kwafar lambobin fayil, ina buɗe tsofaffin jaridun Gaskiya Ta Fi Kwabo da New Nigerian. Wannan wahala duka ba ta fitowa fili sai a shafuka tara na ƙarshe, wato manazarta, jerin takardu da littattafan da na duba. A nan mai karatu zai gane cewa ba hirar bakin shayi na tattara ba.

To waɗannan shafuka tara su ne suka fi muni a littafin. Wani layi kalma uku ce kawai a cikinsa, kowace ta yi nesa da 'yar'uwarta kamar masu gaba. Na ƙasansa kuma a cushe. In ka riƙe shafin nesa da ido sai ka ga farin giɓi ya gangaro daga sama zuwa ƙasa. A masaƙa in yadi ya fito haka, zare ya tsinke ke nan, kuma ba wanda zai yarda a naɗe shi a kai kasuwa. Na kai wurare biyu kafin naku. Ɗaya ya ce haka kwamfuta take yi. Ɗayan ya ce, "Baba, wa yake karanta nan wurin?"

A shagonka aka haɗa ni da wata yarinya da ba ta wuce sa'ar autata ba. Gaskiya da na gan ta raina bai kwanta ba, Allah ya yafe mini. Ba ta ce komai ba, ta jawo mini kujera, ta danna wani maɓalli a Word, manhajar rubutu ta kwamfuta, wanda yake tona abin da ke ɓoye a shafi. Nan take ɗige-ɗige suka cika tsakanin kalmomi. Ta ce, "Baba, kowane ɗigo a nan tazara ɗaya ce. Ka ga nan biyu, nan huɗu, nan har bakwai." Hannuna ne. A tafireta na koyi bugu, inda kowane harafi faɗinsa ɗaya da ɗan'uwansa, aka kuma koya mana barin tazara biyu bayan aya. In ina son layi na biyu ya shiga ciki, sai in yi ta dukan dogon maɓallin nan har ya kai inda nake so.

Amma ta ce babban ciwon ba shi ne ba. An umarci kwamfutar ta daidaita gefen dama da na hagu su miƙe kamar an ja zare, ita kuwa ba ta da wata dabara sai ta buɗa tazarar kalmomi har layi ya cika. A cikin labari ba a lura, don kalmomi kanana ne kuma suna da yawa, sai su raba giɓin a tsakaninsu. Manazarta kuwa cike take da dogayen lambobin fayil da adireshin intanet, waɗanda kwamfuta take ɗauka kalma guda ce. In bai shiga ƙarshen layi ba sai ya faɗa ƙasa gaba ɗayansa, ya bar kalmomi biyu ko uku su ɗauki nauyin layin. Wasu wuraren kuma jikana ne ya karya layi da maɓallan Shift da Enter, kwamfutar ta ɗauka maganar ba ta ƙare ba, ta miƙe guntun layin har bango.

Gyaran ya ci mata yini guda da rabi. Ta share tazarar da na ninka. Ta saki gefen dama na manazartar kaɗai, ta bar sauran littafin yadda yake. Na ɗan yi gardama a nan, don ido na ya saba da gefe a miƙe, sai ta buga mini shafi ɗaya iri biyu ta ajiye a gabana, na yi shiru. Ta sa layi na biyu ya riƙa shiga ciki da kansa, ta karya dogayen adireshi a bayan sandar nan mai karkata (/), ta ɗaure harafin farko na sunan marubuci da sunan mahaifinsa don kada su rabu a ƙarshen layi. Ita ce ma ta lura cewa ƙ da ɗ da ɓ nawa sun bambanta da sauran haruffa, domin salon rubutun da na zaɓa ba shi da masu lanƙwasa, kwamfutar tana aro su daga wani salon. Ta canza shi. Sau biyu aka ɗauke wuta, sau biyu ka tayar da janareta ba ka ƙara mini ko kwabo a kan abin da muka yi ciniki ba.

'Yata, Allah ya yi miki albarka, ya ba ki miji nagari in ba ki yi aure ba, ya sa ki buɗe naki shagon. Malam, Allah ya ƙara kasuwa, ya jiƙan magabata. Littafin yana wurin masu ɗinkin littattafai yanzu. Kwafi biyu na farko naku ne, da kaina zan kawo su bayan sallar Juma'a in Allah ya kai mu.

Naku,
Tsohon ma'aikacin masaƙa, Kakuri, Kaduna